Golmon Da Na Yi A Ƙarƙashin Jif

Edita, na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na ɗauki biro, kuma har yanzu ban tabbata ko rubutowar ta dace ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko da yake mutanen Zuru da suka ga abin da idonsu za su iya ganewa. A lokacin ni saurayi ne da ya karanta fannin injuna a jami'a, na gama bautar ƙasa na dawo gida ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Shekarun nan ne da wayar salula ta fara shigowa garinmu, mutum sai ya hau tudu kafin ya samu sabis. Tun ina yaro ni mai fargaba ne. Idan na kulle ƙofa sai na dawo na sake taɓa kwaɗon, kuma ba na son faɗar abin da ban bincika ba. Mahaifiyata takan ce ko ruwa ya fara jiƙa ni, cewa zan yi da alamar hadari.

Akwai yarinyar da nake nema tun muna ƙungiyar mawaƙa a coci, malamar firamare ce a wajen Dabai. Mahaifinta tsohon hafsan soja ne da ya yi ritaya ya dawo gida, kowa Baba yake ce masa, shi kuwa yana yi wa kowa magana kamar a filin fareti. A al'adarmu ta da, saurayi yakan yi golmo, wato ya yi shekara da shekaru yana yi wa mahaifin yarinya noma kafin a ba shi ita. Yanzu yawanci an sassauta abin, amma ranar da kawuna ya kai gaisuwa, Baba ya kama hannuna ya juya tafin a gaban mutane, ya ce wannan hannun ko gero bai taɓa sussukawa ba, balle ya riƙe garma. Aka yi dariya. Sai ya nuna jif ɗinsa da ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya ce ga gonata can, tunda an ce kai injiniya ne. Idan ta zauna lafiya a hannunka, yarinya taka ce. Mutane sun ɗauka wasa ne. Ni ban ɗauka wasa ba, kuma daga baya na gane shi ma da gaske yake.

Motar ta isa a kalle ta. Baƙa ce, 'yar Kwatano, kujerun fata, ga sanyi kamar cikin randa, kuma tana da irin shokozobar nan ta iska da ke ɗaga mota ta sauke ta. Amma tun ranar farko da na buɗe bonet gabana ya faɗi. An yi ta ne don kasuwar Amurka, mitarta mil take ƙirgawa, Baba kuwa kilomita yake karantawa, saboda haka tafiyar da ta sha ta wuce abin da yake zato nesa ba kusa ba. Irin wannan mota idan ta tsufa, ba a jira abu ya lalace. Kafin lokacinsa ake canza shi. Na fara da juyen baƙin mai da filta a kan kari, ban jira man ya koma kamar kwalta ba. Na zubar da ruwan rijiyar da suke ɗurawa a lagireto, na wanke tsatsar, na zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Na canza man giya da man birki, waɗanda ina jin tun da motar ta sauka daga jirgin ruwa ba wanda ya taɓa su. Kowace Asabar da safe ina kwance a kan buhu a ƙarƙashinta ina laluben inda ke yoyo, ita kuwa yarinyar takan ajiye mini kunu a kan dutse ta ce kada in bari motar nan ta zama uwargidana. Waɗannan safiyoyi su ne abin da ya fi daɗi a duk rayuwata, ban kuwa sani ba a lokacin.

Baba yana da direba, tsohon kofur da ya yi masa hidima a barikin soja. Kafin zuwana shi ke kai motar gareji, kuma ba zan rantse a kan abin da yake samu a can ba, amma na san zuwana bai yi masa daɗi ba. Injiniyan takarda yake kirana, idan ya gan ni da safana sai ya tambaya ko ya kawo mini safar hannu kada farcena ya karye. Rigimar ta taso ne a kan taimin bel, wato bel ɗin cikin inji da ke daidaita motsinsa. Da na buɗe murfinsa na ga ya bushe, gefensa ya fara tsattsagewa. Na je na durƙusa na gaya wa Baba cewa a fahimtata ya kamata a aika Kaduna a sayo sabo na asali tare da famfon ruwa, domin idan ya tsinke mota na gudu, yana iya kashe injin gaba ɗaya. Ya tambaye ni ya tsinke ne, na ce a'a. Ya ce motar tana tashi, na ce tana tashi. Sai ya ce a soja ba a sallamar mutum yana tsaye da ƙafafunsa, a bar bel ya yi aikinsa. Direban yana gefe yana goge gilashi, ya ce ranka ya daɗe, yaran bokon nan ai haka suke, su cire mai kyau su sa wani, mai kyaun kuma ka gan shi a kasuwa. Baba bai tsawata masa ba. Na sake komawa da maganar har sau da yawa, har ya ce idan na ƙara ambatar bel zai sa a ɗaure ni da shi.

Ya tsinke ne a hanyar Sakaba, da rana tsaka, lokacin da Baba yake neman takara ya ɗauko wasu manyan baƙi za su je ta'aziyya. Ba na cikin motar. An ce injin ya yi wata ƙara ya mutu, baƙin suka fito suka tsaya a rana da manyan rigunansu, daga ƙarshe motar ɗaukar dawa ce ta kwashe su, jif ɗin kuwa tarakta ta jawo ta har cikin gari, yara na bin ta da ihu. Da na ji labari, Allah ya sani tausayinsa na fara ji. Na yi zaton zai kira ni ya ce yaro ka faɗa, yanzu mene ne abin yi. Ya kira ni, amma a gaban dattawan gidansu da kawuna da mahaifiyata. Ya ce motarsa ta yi shekaru lafiya lau sai da na sa mata hannu. Direban ya miƙe ya ƙame kamar mai ba da rahoto, ya ce da idonsa ya gan ni na kwance murfin inji na sassauta wani abu, don in tilasta a sayi kayan da zan ci riba a kai. Na buɗe baki in yi bayani, Baba ya ce ƙaramin soja ba ya magana sai an ba shi izini. Ya dubi mahaifiyata, gwauruwar da ta sayar da awakinta ta kai ni makaranta, ya ce ta je jami'ar ta karɓo awakinta, an cuce ta. Sannan ya ce wanda ya kashe gona ba a ba shi mata, a mayar mana da kayan gaisuwarmu.

Ba zan iya kwatanta watannin da suka biyo baya ba. Masu acaba suna ganina sai su riƙe babur su ce a ɓoye, ga mai kashe inji nan. Mahaifiyata ta daina zama a layin gaba a coci. Yarinyar ta aiko mini da saƙo cewa in yi haƙuri, mahaifinta wuta ne mai saurin mutuwa, za ta lallashe shi. Na haƙura a baki, amma na riƙe abin a raina. Ina kallo aka kai motar wani gareji a wani gari, inda aka yi mata gyaran ganin ido: aka lallaɓa kan injin, aka zuba garin toshe yoyo a lagireto, aka cika ta da mai mai kauri don ya danne ƙarar. Ta dawo tana sheƙi, kuma na san a cikinta gawa ce.

Takara ta cinye Baba, ya sha kaye, sai ya sa motar a kasuwa. Wani Alhaji mai fataucin hatsi daga Dirin Daji ya nuna yana so, amma ya ce ba zai saya ba sai wannan injiniyan da aka ce ya san cikinta ya duba ya ce lafiya. Ranar nan Baba ya aiko a kira ni. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya kira ni ɗana. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, soja ba ya riƙo. Ya ce gobe in duba mota in ce wa Alhaji garau take, shi kuma jibi kawuna ya dawo da kayan gaisuwa. Bai ce ya yi mini ƙazafi ba, bai ce a ba mahaifiyata haƙuri ba. Na ce masa to, Baba, zan duba. Da zan fita na hangi yarinyar a bakin madafa tana murmushi, ta ɗaga mini hannu. Ashe ita ta yi ta roƙonsa har ya sauko.

Washegari mutane sun taru, domin cinikin irin wannan mota a garinmu kallo ne. Na buɗe murfin mai na nuna wa Alhaji abin da ya taru a ƙarƙashinsa fari-fari kamar kindirmo, na ce wannan alama ce ruwa na haɗuwa da mai. Na sa aka tayar da ita, na nuna masa farin hayaƙin da ke fita ta salansa. Na sa aka kashe, muka tsaya muna kallo har gindinta ya fara zaunawa gefe guda. Alhaji ya ce mini, Injiniya, tsakaninka da Allah, da kai ne za ka saya? Na ce ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani. Da na tsaya a nan, da na fita da mutuncina. Amma na ga fuskar Baba ta yi toka, sai wani daɗi ya taso mini wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na ɗaga murya na faɗa wa taron yadda na roƙi a canza bel aka ƙi, da yadda direba ya yi mini shaidar zur. Direban ya taso zai yi magana na ce masa ƙaramin soja sai an ba shi izini, aka kwashe da dariya. Sannan na ce jiya-jiyan nan Baba ya yi mini tayin 'yarsa a kan in yi wa Alhaji ƙarya, ku tambaye shi ga shi nan zaune. Alhaji ya kaɗa rigarsa ya ce Allah ya kyauta, ya shiga motarsa. Baba ya dafa bango ya tashi.

Ba wanda ya ƙara taya motar. Tana nan a gidan bisa duwatsu, tayoyin sun tafi, kaji na ƙwai a kujerun fatar. Na samu aiki a Birnin Kebbi bayan wannan, kuma duk zuwan da na yi gida sai na bi ta layin, ko da ba hanyata ba ce, na rage tafiya na kalle ta. Zan yi ƙarya idan na ce kallon ba ya yi mini daɗi. Yarinyar kuwa sau ɗaya ta ƙara yi mini magana. Ta tare ni a hanya ta ce gaskiyar da na faɗa a kan mota ba ta da ja a kai, amma wa ya ba ni izinin ɗaga sunanta a kasuwa kamar akuyar da aka yi tayi. Ta ce ta yi watanni tana kuka a gaban mahaifinta saboda ni, ni kuwa na mayar da ita sanda na doke shi da ita. An yi ta tsokanarta a makaranta har ta nemi canjin wurin aiki, daga baya ta auri wani a nesa.

Ga masu irin waɗannan manyan motoci da suka sha tafiya, ina roƙonku ku fara sanin abin da mitarku ke ƙirgawa, kuma idan wanda ya sani ya ce a canza abu tun yana aiki, kada ku ɗauke shi ɓarawo. Kayan da ba su lalace ba tukuna su ne masu arha. Ga manya kuma, idan kunya ta kama ku a bainar jama'a, kada ku nemi yaron da ba shi da uba ku shafa masa, domin yana girma da abin a ciki. Ga matasa irina, ban ce ku yi ƙarya don a ba ku mata ba, ni ma da za a sake ba zan ce motar lafiya take ba. Amma idan ranar ramuwa ta zo, ku duba wanda ke tsaye a bayan mutumin kafin ku kai duka. A kan yarinyar ina nadama, kuma ina jin zan mutu da ita. A kan mahaifinta kuwa na bincika zuciyata iya bincike, ban samu ba. Kwanan baya aka sanar a coci cewa yana kwance, ana so a riƙa zuwa gaishe shi. Mahaifiyata ta dafa masa kunu ta kai da kanta, ta dawo ta ce ya tambaye ni har sau biyu. Na ce mata zan duba lokaci. Har yau ban je ba.