Kunyar Kazar Inna

Shekarun baya, lokacin da na fara kiwon kajin gidan gona a Wara, Inna ta tafi Shanga zaman jegon ƙanwata. Ta bar mini amanar kazarta, wata wake-wake da ta raina tun tana 'yar tsako. Kazar ba ta yin ƙwai ko'ina sai cikin wata fasasshiyar tukunya a bayan rumbu, wadda Inna ta kwantar, bakinta na kallon bango, ta zuba ƙaiƙayin shinkafa a ciki.

Ranar tafiya har ta kai ƙofa ta juyo. "Kada ka taɓa mata tukunya," in ji ta. "Kaza kunya gare ta, ba ta haihuwa gaban jama'a." Na ce to, amma a raina na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Ni mutum ne mai yawan fargaba. Ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa kwaɗon. Da na ji an ce tunku ya kashe kaji a maƙwabta, hankalina ya tashi. In ya ci ta, me zan ce wa Inna? Sai na kama ta na sa a kejin waya tare da nawa kajin, irin kejin nan mai gangaren ƙasa da ƙwai ke mirginowa waje. Har ina yaba wa kaina.

Kwana biyu ba ta yi ƙwai ba. Da hantsi sai ta yi ta kai da kawo, tana cusa kai a kowace kusurwa, tana tonon waya kamar akwai ƙasa, har gashin wuyanta ya goge. Na ƙara mata dusa, na sauya ruwa, na jiƙa magani. Komai na yi, ban da buɗe ƙofar. Maƙwabcina masunci ya leƙo ya ce in sake ta mana, duhu take nema. Na ce masa tunku fa? Ya ce ni da tunkun bai san wanda ya fi cutar da ita ba.

A rana ta huɗu na same ta a kwance, ta juya wa sauran kajin baya, kanta a kusurwa. Na yanka ta kafin rai ya fita. Da aka fige aka buɗe, ga ƙwai ya maƙale a ciki. Ban iya cin naman ba.

Da Inna ta dawo ban ɓoye mata komai ba. Na so ta yi faɗa, ba ta yi ba. Ta zagaya bayan rumbu, ta daɗe tana duban tukunyar, sannan ta ce, "Tsoronka ya yi mata yawa, ɗana." Ba ta sake kiwon kaza ba har Allah ya karɓi abinsa bayan damina biyu.

Yanzu kowane keji nawa da akwati a kusurwa, da ƙaiƙayi, da labulen buhu. Masu sayen ƙwai suna dariya, wai na yi wa kaji ɗakin amarya. Ba na musu. Har yau in na ga kaza ta shige bayan labulen nan, sai in kawar da kai har ta fito.