Ramin Bayan Rumbun Inna

Ranar Juma'a ce, mun dawo daga masallaci mun baje a ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz, nan ƙasar Larabawa, muna jiran shinkafa ta nuna, sai ga kiran bidiyo na Inna daga ƙauye. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta juya wayar ta nuna min wani rami a gindin rumbunta. Buhun irin gyaɗarta an huda shi, saura ɗan abin da ba zai cika kwano ba, ga damina ta matso.

Ba gyaɗar kasuwa ba ce. Irin da Baba ya bari ne, jajaye ƙanana, tun rasuwarsa take shuka shi tana ware na baɗi. Na ce zan aika a sayo mata wani, sai na ji kunyar maganar.

Abokin ɗakina, wani dattijon Maraɗi da muke aikin ɗaure kaya tare a kasuwar Deira, ya leƙo ta kafaɗata.

"Kurege ne, mon frère, ɗan'uwana. Khalas, shi ke nan, a yi haƙuri."

Raina ya ɓaci, don na san abin da yake nufi. Kurege ɓarawon rana ne, nan ya binne ƙwaya biyu, can ya binne uku, ko shi ba ya tuna inda ya sa. In shi ne, iri ya tafi. Gafiya kuwa cika kumatu take yi ta kai ɗaki guda a cikin raminta ta tara, kamar matar da ke tanadin biki.

"Dattijo, gafiya ce," na ce. "Yaushe kurege ya fara shiga gida?"

"Ku Kanawa komai kun sani, har ramin da ke bayan teku!"

Muka yi ta musu, mutum biyu da rabonmu da riƙe fartanya an jima, har shinkafa ta kama. Inna ce ta raba mu. Ta durƙusa ta duba, ta ce bakin ramin a toshe yake da ƙasa daga ciki, ga kuma sawun doguwar wutsiya a turɓaya, alamar gafiya ke nan. Dattijon ya tafa hannu.

"Yalla, maza, Hajiya, a kawo magirbi!"

Kawuna ne ya zo ya yi haƙan. Mu kuma muka haɗa kai a kan 'yar wayar nan, dattijon yana ta ba da umarni kamar ana jinsa: a bi hagu, a yi a hankali. Ramin ya yi kwana ya bi ƙarƙashin katanga. Gafiyar ta fice ta wata ƙofa, ba wanda ya bi ta kanta. Can Kawu ya zura hannu har kafaɗa ya yi kabbara.

Gyaɗa ce jibge da ɓawonta, a bushe, haɗe da ƙwallon dabino da wani tsohon cokali. Wata ta ɓaci, amma mafi yawa lafiya lau.

Daɗin da na ji ranar, ko ranar da bizata ta fito ban ji irinsa ba. Inna ta zauna a ƙasa tana tsince gyaɗar cikin zaninta, ta manta da mu sam. Sai da ta ɓare ɗaya ta ga jan ƙwayar, sannan ta ɗago ta kalle ni.

"Na babanka ne," ta ce. "Bana ma za a shuka."