Ranar da Mudi Mai Soya Ya Ja da Baya

Duk wanda ya zauna a unguwar New Bell a wancan zamani ya san Mudi mai soya, wato tsire a bakin mutanen nan, wanda bai san sunansa ba ma ya san hayaƙinsa. A bakin layinmu yake kafa tukuba, jikin shagon da nake ɗinki. Shekara ashirin da ɗoriya ina shaƙar yajinsa, shi kuma yana fama da ƙarar kekena. Fataucin goro ne ya kawo kakansa daga Kano, shi a nan Douala aka haife shi, kuma bai taɓa riƙe makamin da ya wuce wuƙar yankan nama ba. Amma Janar muke ce masa, shi ya ja wa kansa.

Wata rana cikin tsoffin takardun da yake naɗe nama ya ci karo da shafin wani littafin Faransanci, da hoton wani soja a jiki. Sunan ya riga ya tafi da tsiren wani. Mudi bai iya karatun boko ba, sai ya kai wa 'yarsa Zaituna, wadda ke aikin ofis a unguwar Akwa. Ta karanta masa cewa wani janar ne da ya kafa wata ƙasa mai nisa. An ce ya fi yawan ja da baya a kan cin nasara, amma bai taɓa bari rundunarsa ta watse ba. Abin da sojojinsa suka ci shi yake ci, in za a ƙetare kogi kuma shi ne na ƙarshen shiga jirgi.

Shi ke nan muka shiga uku. Ya sa takardar a leda ya rataye a jikin amalankensa, wadda a nan muke kira pus-pus. Ka zo sayen nama, sai ka tafi da lacca. "Rabe," yakan ce mini, "shugaba ba ya barin mutum ko ɗaya a wancan gaɓa." Matarsa Delu, wadda ke daka masa yaji tun auren ƙuruciya, takan leƙo ta ce, "Janar, namanka na ƙonewa." Mu kwashe da dariya, shi ma ya yi.

Sai shekarar 1991 ta zo da abin da ake kira ville morte. Daga Litinin zuwa Juma'a gari a mace yake: ba kasuwa, ba taksi, samari sun tare hanyoyi da tayoyi masu ci da wuta, jandarmomi kuma ba sa son ganin mutum biyar a tsaye wuri ɗaya. Tukubar Mudi ta yi sanyi. Delu dama tana da hawan jini, maganinta ya ƙare, ba inda za a samo. Ranar wata Talata da hantsi ta faɗi a tsakar gida. Muka zaga unguwa kaf ba motar da za ta fita. Kafin azahar ta cika.

Wani ya ce a jira Asabar da ake buɗe hanya. Har yau ina jin haushin maganar nan. A zafin Douala, a ɗakin kwano, kwana huɗu? Mudi bai ko kalle shi ba. Ya ce, "Yau za a rufe ta." Mata suka yi mata wanka, ni na ɗinka likkafanin, Liman Ɗanlami ya sallace ta a ƙofar gida. Maza goma sha huɗu muka tsaya, har da Mudi. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana taɓa kafaɗa yana ƙirgawa, ba wanda ya yi dariya.

Muka ɗauki makara yadda muka gada: a kafaɗa, da sauri, ana karɓar juna, ba mai magana. Ko kusa bai zo mana a rai ba yadda abin zai kasance a idon wani. A watannin nan masu zanga-zanga sukan ɗaga gawar wanda aka harbe su zaga gari da ita. Muna fitowa babban titi, sai ga motar jandarmomi a mararraba. Suka hango taron maza na tahowa da sauri da gawa a sama.

"Reculez!" in ji wani jandarma, wato mu ja da baya.

Liman ya ɗaga hannu zai yi bayani, sai muka ji harbi sama, barkonon tsohuwa ya biyo baya. Na gaba suka durƙushe, makarar ta karkata har na ga ƙafar likkafanin ta zamo. Wallahi na yi zaton a kan kwalta za mu yar da Delu. Wasu matasa cikinmu jini ya hau musu, suka fara cewa a kutsa kawai, in mutuwa ce a haɗa mu da ita.

Muryar Mudi ce ta tsayar da su. Ban taɓa jin ta haka ba. "Baya! Kowa lungu! Ku riƙe ta da kyau!" Ya tsaya a tsakiyar titi, hannuwansa biyu a sama, hawaye da majina sun wanke masa fuska, yana kallon bindigogi, har na ƙarshenmu ya shige. Sannan ya biyo mu.

A lungun ya sake ƙirga mu. Ya ce duk mai ƙananan yara ya koma gida. Suka ƙi. Ya ce, "Matata ce, ni ke da magana. Ba zan mai da 'ya'yan wani marayu don in binne tawa ba. C'est fini, magana ta ƙare, ku tafi." Ya aika aka turo masa pus-pus ɗinsa. Mu uku muka rage, tsofaffi: shi, da Liman, da ni.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai. Muka kwantar da Delu a inda ake ɗora itace da tsokar nama, muka lulluɓe ta da tabarma, muka jera buhunan gawayi wofi a kai. Ledar nan ta hoton soja tana lilo a gefenta. Mudi ya sunkuya ya ce a hankali, "Ki yafe mini, Delu." Ya kama hannun amalanken, bai bari wani ya taya shi ba.

Ta bayan gidaje muka bi, ta kan katakon da ake ɗorawa a bakin lambatu, muna tsayawa duk inda muka ji ƙarar mota. Sau biyu muka koma muka sake hanya. Kusa da layin dogo samari masu tayoyi suka tare mu, suna zaton kaya muke safara. Babbansu ya fizge tabarmar, ya ga farin ƙyalle, ya kalli fuskar mai turawa.

"Papa Soya," ya ce. "Ashiya, Papa." Haka ake yi wa mutum jaje a nan.

Suka janye taya ɗaya, muka wuce.

Ba mai haƙa kabari a maƙabarta. Mu muka haƙa, da shebur guda da wani maƙwabcin wurin ya ara mana, tafin hannuna ya sale. Muka sa ta, rana tana gab da faɗuwa.

Da muka dawo, mazan nan goma sha ɗaya suna zaune a ƙofar gida, ba wanda ya shiga ɗakinsa. Zaituna tana tsaye a zaure idonta ya kumbura. Liman ya so ya sanyaya wa Mudi zuciya, ya dafa shi ya ce, "Alhamdu lillahi, Janar. Mu goma sha huɗu ka fita da mu, ga mu goma sha huɗu. Ba ka bar kowa ba."

Mudi ya jingina pus-pus ɗin a bango, ya tsinke ledar ya miƙa wa Zaituna.

"Malam," ya ce, "mu goma sha biyar muka fita."