Kafinta da Gashin Tsigi

Yayana kafinta ne, kuma tun tasowarmu bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko abinci a tsaye yake ci, hannu ɗaya na shafa gefen tebur yana neman inda bai yi santsi ba. Da na dawo daga karatu na sauka a gidansa, sai na tarar abin da ke hana shi sukuni yanzu kan 'yarsa ne.

Tsigi muke ce mata saboda ƙanƙantarta. Mahaifiyarta ta rasu ina can, ta bar mata gashi irin nata, mai cika, mai murɗewa. A hannun Yaya gashin nan ya soma karyewa. Kullum da safe mataji na fitowa da dunƙule, yarinya na kuka, ƙeya har ta fara haske.

Kakar Tsigi ta wajen uwa ta zo ta gani. Ta ɗaga ɗankwalin yarinyar da yatsa biyu.

"Wannan kai ne ko tsohuwar tsintsiya? Namiji da rainon 'ya mace! In aka yi hutun makaranta ban ga canji ba, da ni za ta tafi."

"Inna, ana ƙoƙari," in ji Yaya.

"Na ga ƙoƙarin, ga shi nan a bakin mataji."

Daga ranar shagonsa ya sake kama. Tsakanin gwangwanayen fenti da gam sai ga man kwakwa, man kaɗe, man zaitun, ga shukar alobera a tukunya a bakin ƙofa. Duk abin da ba daga tsiro ya fito ba ya ƙi shi, wai abin da itace ya haifa ya san halinsa. Mace ta zo yin odar gado, kafin ta faɗi girman ɗakinta ya tambaye ta me take shafa wa kanta. Yau ya haɗa wannan da wancan, jibi ya zubar ya sake. Yana cikin yankan katako sai ya ajiye zarto ya leƙa gida, ko da ya san Tsigi na makaranta.

Mai kitson layinmu ta ƙi taɓa kan. Ta ce gashin ya yi rauni, kitso zai ƙarasa shi.

"Ka riƙa jiƙa shi kafin ka taje, Kafinta."

"Ruwa? Hajiya, kin taɓa ganin ƙofar da ruwa ya gyara? Kumbura take, ta ruɓe."

Shi a saninsa, abu mai daraja busar da shi ake yi sarai sannan a shafa masa mai. Haka yake wa katako, haka yake wa Tsigi: in an wanke kai ya zaunar da ita a rana har ya bushe ƙayau, ya lafta mai, ya kafa mataji daga tushe ya ja. Na ce masa ni ma na karanta maganar ruwan nan. Ya dubi kaina, wanda nake askewa tun ina can.

"Ke da kika dawo mana da kai irin na soja? Bari dai, ƙanwata."

Hutu na matsowa, Yaya na ramewa. Wata rana da la'asar aka tsuge da ruwa, Tsigi ta shigo shagon a jiƙe sharkaf, ɗankwali a hannu. Ya yi kanta da tawul yana salati.

"Baba, don Allah yau kar a taje," in ji ta.

Ya sa yatsu cikin gashin don ya matse ruwan, sai yatsun suka wuce har ƙarshe. Ya sake sawa, suka sake wucewa. Ina zaune a kan wani benci da ba a gama ba, ban taɓa ganin ya tsaya cak haka ba. Can ya lakato man kaɗe, ya murza a tafin hannu, ya bi gashin a jiƙensa daga ƙasa zuwa sama, kaɗan kaɗan. Tsigi na ta ba ni labarin wata 'yar ajinsu da ta faɗa kwata, ba ta ma san ana yi ba.

"Ashe ɗanyen reshe ne," ya ce a hankali. "Ni busasshe na saba da shi."

Washegari ya sassaƙa mataji mai faɗin haƙora daga guntun katako, ya zuba ruwa da ɗan alobera a kwalbar feshi. Karyewa ta ragu, ƙeya ta fara cikowa. Sai kuma wata damuwar: gashin da ya sha ruwa ya ƙara nannaɗewa, a ido kamar ma ya gajarce. Yaya ya dinga zagaya yarinyar da tef ɗin awo, har ta ce, "Baba, ni kabad ce?"

Ranar da Kaka ta zo, ya kasa shiga ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza fensirin bayan kunnensa. Ta cire ɗankwalin, ta daɗe tana kallo.

"Ƙawata, ina gashin ya tafi?"

"Yana nan, Kaka, kwanciya ya yi. Ja ki gani."

Ta kama wani murɗi a bayan kunne ta ja a hankali. Ya miƙe, ya miƙe, har ya taɓa kafaɗa. Ta riƙe shi a nan ba ta saki ba.

"Haka na uwarki yake yi," ta ce. Ta goge ido da bakin mayafi, ta gyara murya. "Tsagar nan a karkace take, kai da kake taƙama da awo. Yarinya ta ci gaba da zama a wajenka. Amma duk Asabar ina nan tafe, kar ka ce ban faɗa maka ba. Miƙo min ruwan, ka fita ka ba mu iska."

Ya miƙa, ya fita. Muka ji zarto ya fara aiki a shago, bai yi nisa ba ya tsaya. Sai ga kansa a taga.

"Inna, daga ƙasa ake farawa."