Wurin Baba a Amalanke

Ranar da abin ya faru na dama koko kamar kullum. Mijina ya ɗauko Baba ya ajiye shi a gindin aduwar ƙofar gida, sannan ya wuce kasuwar Adjekoria. Shekara shida ke nan ƙafafun mahaifina sun mutu, amma hannunsa bai huta ba. Igiyar kaba yake tufkawa. Rabin ƙauyenmu da igiyarsa suke ɗaure kaya.

Wajen ƙarfe tara muka ji babura daga gabas. Sai harbi, tas-tas, ta wajen rijiya. Wata mace ta kwarma ihu: "'Yan bindiga! Ku fita!"

Ina goye da jaririya 'yar wata biyu. Amalanke ɗaya ce a unguwarmu, ta Malam Sani maƙwabcinmu, mai ja mana salla. Kafin in fito har ya ɗaura mata sansa na noma. Matarsa da 'ya'yansa sun hau. Na kama Baba ta hammata na ja shi a ƙasa har bakin amalanken.

Akwai wuri a baya. Da idona na gani. Malam ya dubi Baba, ya dubi buhunan gero biyu da ya fitar. Ya cicciɓi ɗaya, ya cicciɓi na biyu. Ya ɗaure su tamau da igiyar da Baba ya tufka masa.

"Ba wuri! Allah na nan!" Ya tsula wa san bulala.

Harbin ya iso bayan masallaci. Baba ya fizge hannunsa daga nawa. "Ke, gudu da ɗiyar nan!"

Na gudu. Wannan ni na aikata, kuma ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Na bi ta cikin karan gero, ƙarangiya ta cika mini ƙafa. Da azahar wasu makiyaya suka ba ni ruwa. Da la'asar na kai hanya, motar kasuwa ta kawo ni Dakoro. Washegari jandarmomi suka raka mijina da sauran maza zuwa ƙauyenmu. Sun sami Baba a inda na bar shi.

Ranar sadakar uku sai ga Malam Sani a gidan da muka sauka, da rawaninsa fari fat, da kwanon gero, wai gudunmawa. Ya gyara murya kamar zai tada salla. "Haka Allah ya so, ɗiyata. Kwana nai ne ya ƙare."

Ko amin ban ce ba. Na yarda da Allah, na san babu ran da zai fita bai sani ba. Amma ina wurin aka ɗauki buhunan nan, na kuma san hannun da ya ɗauka. Da ransa ne ke cikin haɗari, Malam bai zauna jiran abin da Allah ya so ba, bulala ya ɗauka. Sai da aka zo kan ran Baba ya tuna da ƙaddara. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi ba. Ya yi zaɓinsa, ya rasa ƙarfin halin cewa nasa ne, ya jingina wa Ubangiji. Allah ba ya cin gero.

Da ya tafi na watsa wa kajin masu gida abin da ya kawo.

Mun rasa awaki huɗu, da rumbu, da Baba. Buhunan nan biyu sun iso Dakoro lafiya, igiyar ko sassautawa ba ta yi ba.