Noelene Kuchel, Mai Jan Jirage Sama a Filin Karinya

Duk ranar Asabar, tun rana ba ta fara dukan ƙeya ba, Noelene Kuchel kan tsayar da a-kori-kurarta a can ƙarshen filin Karinya, inda babu inuwa sai ƙudaje da karan alkama. Ta kori tumakin maƙwabci, ta duba mai da ruwan injin jan jirage, sannan ta sa safar fata ta bi doguwar wayar ƙarfen nan tana laluben inda ta fara ci. A ɗaya ƙarshen filin kuwa, fiye da kilomita daga nan, dattawan ƙungiyarmu na cikin rumfa da kofunan shayi, suna shafa fukafukan jiragensu kamar masu lallashin jarirai.

Jiragen nan katako ne da ƙyalle da gam, ba su da inji, wasunsu ma sun girmi masu tuƙa su. Ba sa tashi sai an ja su. A maƙala wa jirgi waya a ƙirji, injin Noelene ya naɗe ta a guje, jirgi ya haura, matuƙi ya saki wayar ya tafi neman iska mai zafi da za ta ɗaga shi. Shi yana can yana shawagi da gaggafa, ita tana ƙasa cikin kejin ƙarfen da ke kare mai sarrafa injin, tana share gumi.

Ba ta taɓa son harkar ba. Mijinta Keith ne ya ce mata wata rana, “Riƙe mini na yau kawai, mai jan bai zo ba.” Yau shekara talatin da 'yan kai ke nan. Keith ya gaji da jirage tun tuni ya koma kamun kifi, ya bar ta da inji da gungun tsofaffi masu ƙorafi.

“Noelene, kin fizge ni da yawa,” in ji shugaban ƙungiya Des Hartwig ta rediyon oba-oba. “Saura kaɗan haƙoran robana su faɗo.”

“Da ka rage cin gasasshen naman rago, Des, da injin bai yi ta nishi ba. Turo na gaba.”

Haka take fama da mu. A jikin injin akwai wata wuƙa da ake dannawa ta datse waya idan ta ƙi sakin jirgi. Noelene ta yi magana har bakinta ya gaji cewa wuƙar ta yi tsatsa. Kullum amsar ɗaya ce: za a duba bayan an gama fentin rumfa, za a duba bayan taro. Da ta ga ba mai ji, sai ta ɗauko gatarin faskarenta daga gida ta jingine shi a ƙofar keji. Har tsokanarta muka riƙa yi, wai wa za ta sara.

Shekarar da taron masu tsofaffin jirage na ƙasashen duniya ya zo kanmu, filin ya cika a tsakiyar zafin Janairu, wanda a ƙasarmu shi ne lokacin bazara. Baƙi daga Jamus, daga Japan, daga New Zealand, kowa da jirginsa da aka yi watanni ana lallaɓowa ta teku. Cikinsu akwai Wietse Hoekema, wani dogon dattijo daga Holand, da jirgi mai jan fenti da mahaifinsa ya ƙera da hannunsa. Aka yi jawabai, aka gode wa masu girki, aka gode wa mai tumakin da ya ara mana fili. Noelene tana can nesa, ba ta ma ji tafin ba.

Ana cikin taron ta ja Wietse da hantsi. Jirgin ya haura lafiya har ya zo saman kanta, inda ya kamata wayar ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Ta sassauta injin, ta jira. Hancin jirgin ya fara sunkuyowa, wayar na janyo shi ƙasa. Ta danna wuƙar, wuƙar ta ƙi motsi. Ta sake dannawa da ƙafa biyu, shiru.

Sai ta fito daga kejin, abin da duk mai jan jirgi ya san ba a yi, ta ɗauki gatari. Sara na farko ya goce. Na biyu ya raba wayar, gefenta ya zabura kamar bulala ya tsaga mata hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Wietse ya karkata da sauran wayar tana reto a ƙarƙashinsa, ya tsallake shingen gona da ƙyar, ya sauka cikin ƙura.

Mu duka muka ruga wurinsa. Aka rungume shi, aka yaba gwanintarsa, aka ɗauki hoton jirginsa. Babu wanda ya waiwayi ƙarshen filin. Can sai rediyo ya yi ƙara a ƙugun Des.

“In kun gama sumbatar katakon,” in ji Noelene, “wani ya zo ya kai ni asibiti. Ba zan iya tuƙi da hannu ɗaya ba.”

Da ta dawo da hannu a naɗe, Wietse ya taka tsawon filin nan da ƙafa, hula a hannu, ya tsaya gabanta ya fara godiya. Ta dube shi, ta dubi ƙafarsa.

“Ba komai, dattijo. Amma matsa, ka taka mini waya.”

Noelene, ke ce mai ɗaga maza sama ki zauna a ƙasa. Ke ce kika san nauyin kowannenmu fiye da likitansa, kika jure ƙorafinmu da ƙudajenmu. Duk wanda ya taɓa ganin Karinya daga cikin gajimare, hannunki ne ya kai shi. Abin haushi, hotunan jirage sun cika bangon rumfarmu, naki ko ɗaya babu.

Bana ta ce ta gaji, kafaɗa ta ƙi, za ta ajiye. Kwamiti ya zauna ya yi dogon tunani a kan kyautar sallama, ya fito da wadda ta fi kowace ba ta takaici. Des ya miƙe a gaban jama'a ya ce za a ɗauke ta a jirgi mai kujera biyu, ta ga abin da ta daɗe tana rasawa.

“Na gode, Des,” ta ce. “Wa zai ja ni?”

Muka dubi juna. Mutum arba'in masu lasisin tuƙi, babu ko ɗaya da ya taɓa zama a kejin nan.

Shi ya sa yanzu duk Asabar za ka ga Des Hartwig, da furfurarsa da tumbinsa, a matse cikin kejin ƙarfe, ita kuma tana zaune a kujerar roba ƙarƙashin lema tana ba shi umarni.

“A hankali, Des. Jirgi kake ja, ba kututture ba.”

“Zafi fa ake yi a nan, Noelene.”

“Haba? Ban taɓa lura ba.”

Mun gode, Noelene, ko da yake godiyar ta makara ƙwarai. Ku kuma matasan da ke zuwa Karinya idanunku a sama, kafin ku nemi kujerar matuƙi, ku je ku karɓi Des a kejin. Ya fara rama, kuma ta rantse ba za ta hau jirgin nan ba sai ta sami wanda ta yarda ya ja ta.