Tangaɗin Kawu Sale

A tsohon Zongon Lome, zamanin jam'iyya ɗaya, lokacin da ake kwaso mu daga makaranta mu yi wa manya rawa a titi har ƙafa ta manta mai ita, hutunmu ɗaya ne: bayan magariba, gaban murhun Kaka. Tana gasa masara, mu jikoki mun fi ƙudan mahauta yawa, ƙanen babanmu Kawu Sale yana jingine da bango.

Wajen Kaka ba a cewa mutum yana tafiya kawai. Jariri tatata yake yi, mai ƙaya a ƙafa ɗingishi, masuncin da ya sauko daga kwalekwale rangaji, don teku bai sake shi ba tukuna. Takan tashi ta gwada mana kowanne, mu yi ta birgima don dariya.

Akwai tatsuniyar da ta ɗauko a shekarar da Kawu ya fara dawowa daga canjin kuɗi a unguwar Kodjoviakopé, bakin iyakar Ghana, yana haɗa hanya. Zongo kaf ta yanke hukunci: sodabi ne, barasar mutanen gari.

"Ga ta nan tafe tana layi," in ji Kaka.

"Ta zo mu tare ta!" muka amsa.

Wai wani baƙo ne ya shiga gari yana tangaɗi. Aka kore shi daga masallaci, yara suka bi shi da tafi. Wata tsohuwa ta bar fuskarsa ta dubi ƙafarsa, ta shimfiɗa masa tabarma.

"Mashayi, jikokina, bai san yana tangaɗi ba, hanya yake zagi. Wanda ke kallon ƙasa yana laluben bango yana jin kunya, wannan jiki ne ya ci amanarsa. Malam, kana ji?"

Malam babanmu ne. Daga ɗaki ya amsa: "Inna, tatsuniya ta yara ce."

"To girma ya cuce ka. Ƙurunƙus, kowa ya dubi ƙafar ɗan'uwansa."

Ta maimaita ta har muka haddace, muna roƙon a canza mana. Mu dai rawar Kaka muke jira. Baba kuma surutun masallaci ya fi tatsuniya ƙarfi a kunnensa. Bayan rasuwar Kaka ya ce Kawu ya nemi wani gida. Kawu ya tsallaka Ghana da tabarmarsa, can ya rasu wajen baƙi. Ko ƙamshin sodabi bai sani ba.

Yau ni ne mai tumbin da ke riga ni shiga ɗaki, kuma bara jiri ya fara ɗibata. Likita ya ce ciwon kunne ne, yana bin jini. Ranar Juma'a ina dawowa daga masallaci, hannuna a bango, na ji wani matashi yana cewa da Faransanci Alhaji ya ɗan taɓa. Na yi dariya, don abin da dariya. Sai na lura ƙasa nake kallo. Na tsaya nan jikin bangon, ina dubawa ko akwai wata tsohuwa a layin.